Yadda Ake Duba Tsohon Zanen Fentin Mai da Kula da Shi: Misali da Hoton Sarki Bitrus na Rasha

Wani dattijo ya taɓa kawo mini zane naɗe cikin bargo. Ya ce mahaifinsa ne ya sayo shi a Landan tun da daɗewa, kuma so yake a wanke masa shi ya yi ƙyalli kafin bikin 'yarsa. Da muka warware bargon sai ga saurayi sanye da sulke, fuska ba gemu, idanu manya, hoton duk ya yi jawur kamar an tsoma shi a ruwan shayi. Na san fuskar. Sarki Bitrus na Ɗaya ne na Rasha, wanda ake wa laƙabi da Mai Girma, kuma an kwaikwayo shi ne daga zanen da Godfrey Kneller ya yi masa a Landan a 1698. Na ce, "Baba, a ba ni mako guda in yi ta kallonsa tukuna." Bai so ba, amma ya haƙura.

Da wannan zanen zan kafa maka misali, sai dai matakan ɗaya ne ga kowane tsohon zanen fentin mai da ke kan ƙyalle. Abin da zan koya maka shi ne iyakar aikin da mai koyo zai yi ba tare da ɓarna ba: dubawa, rubutawa, kakkaɓe ƙura da tsarewa. Cire tsohon banish (wato man ƙyallin da ake shafawa bisa fenti don kare shi), ɗinke yagewa da cike fenti aikin wanda ya yi shekaru yana koyonsa ne, kuma zan nuna maka daidai inda za ka cire hannunka.

Kayan aiki

- Tebur da ya fi zanen faɗi. Shimfiɗa masa bargo mai tsabta, ka ɗora farin zanen gado a kai.
- Safar hannu ta roba irin ta asibiti, marar hoda. In babu, wanke hannu da sabulu ka bushe shi sarai. Safar auduga ba ta da kyau a nan, tana sargafo ɓawon fenti, kuma firam kan sulluɓe daga cikinta.
- Buroshi biyu masu laushi ƙwarai, na gashin akuya, ɗaya na gaba ɗaya na baya. In ba ka samu ba, sayi sabon buroshin hoda na kwalliyar mata wanda ba a taɓa amfani da shi ba.
- Tocila mai farin haske.
- Gilashin ƙara girma, mai ninki 10 in da hali. Kyamarar waya ma tana ɗan taimakawa.
- Ƙaramar tocilar nan mai shuɗin haske da ake gane jabun kuɗi da ita.
- Tef na awo, littafi da fensir. Kada biro ya kusanci teburin.
- Ƙananan ambulan na takarda, sukudireba, da gashin kaza ko na zabo mai tsabta.
- Kwali marar asid, ko farin allon robar nan mai ramuka a ciki da masu buga alluna ke amfani da shi.
- Ƙaramar na'urar auna laima (danshin iska) da zafin ɗaki.

1. Shirya wuri kafin ka ɗaga zanen

Kashe fanka, rufe taga, kawar da kofin shayi, cire agogo da zobe. Ka san inda za ka ajiye shi tun kafin ka ɗauka. Ana riƙe zane da hannu biyu, ɗaya a gefe ɗaya a ƙasa, fuskarsa na kallon ƙirjinka amma ba ta taɓa riga. Kada ka ɗaga shi ta saman firam ko ta igiyar rataye, kada kuma ka zura yatsu ta baya tsakanin ƙyallen da katakon da aka ɗaure shi a kai. Yatsa ɗaya kan tura ƙyallen, bayan wasu watanni sai ka ga tsagewa ta fito a gaba, zagaye kamar saƙar gizo. In zanen ya kai mita ɗaya, ku ɗauka ku biyu.

Kwantar da shi rigingine, fenti na kallon sama.

2. Ɗauki hoto, ka rubuta abin da ka tarar

Hoton gaba gaba ɗaya, na baya, na kusurwoyi huɗu, sannan na duk wani tabo, rubutu ko hatimi. Auna tsawo da faɗi, da firam da kuma ba firam. Sa kwanan wata. Tambayi mai shi duk abin da ya sani: wa ya saya, a ina, akwai rasiɗi, an taɓa gyara shi? Rubuta maganarsa yadda ya faɗa, ko da kana ganin ba haka ba ne. Wannan littafin shi ne shaidarka ranar da aka ce kai ka yi wata ɓarnar da ka tarar.

3. San wanda ke jikin hoton

A nan nake son ka ɗan zauna, domin tufafi da kayan da ke jikin mutum suna faɗin shekarun da ba zai yiwu zanen ya girme su ba.

An haifi Bitrus a 1672. An naɗa shi sarauta yana ɗan shekara 10 tare da yayansa Ivan, mulki bai zama nasa shi kaɗai ba sai da Ivan ya rasu a 1696, shekarar da ya ƙwace garin Azov daga hannun Daular Usmaniyya da taimakon jiragen ruwan da ya sa aka ƙera. A 1697 ya bi wata babbar tawaga zuwa Yammacin Turai da sunan aro, Pyotr Mikhailov, ya yi aikin kafinta a maƙerar jiragen ruwa a Holan, sannan ya haye Ingila a farkon 1698 ya zauna a Deptford, a gefen Landan, kusa da maƙerar jiragen yaƙi. A wannan zaman ne Kneller, Bajamushen da ya zama babban mai zanen fadar Ingila, ya zana shi yana ɗan shekara 25, aka bar wa Sarki William na Uku zanen kyauta. Bitrus na tsaye ne a ciki tun daga kai har ƙafa, sanye da sulke da alkyabba mai ruwan zinariya wadda aka yi wa shafi da farar fata mai ɗigo-ɗigon baƙi, ga kambi bisa matashi a gefe, ga jiragen ruwa ana hangowa ta taga. Tsawon zanen ya haura mita 2, kuma har yau yana cikin tarin kayan masarautar Birtaniya.

To ka ga magana ta farko ta ƙare: duk wanda ya zo maka da irinsa, kwafi ne. Abin tambaya shi ne, kwafin yaushe? An yi ta kwaikwayon wannan fuskar tun a zamaninsa, musamman bayan John Smith ya sassaƙa ta a farantin tagulla aka buga ta a takarda, kuma kwafi da yawa daga kai zuwa ƙirji suka tsaya, kamar na dattijon nan.

Jiragen da sulken ba ado ba ne kawai. Da ya koma gida a 1698 saboda tawayen tsofaffin dakarun bindiga na Mosko, murƙushe su ya yi, ya shiga gina rundunar dindindin mai horo da kaki irin na Turai. Siwidin ta yi masa mugun kaye a Narva a 1700, ya rama a Poltava a 1709. Abin da zai amfane ka a nan shi ne lambar girma ta Waliyyi Andarawus da ya ƙirƙiro bayan dawowarsa, wadda ake rataya shuɗin ƙyallenta daga kafaɗa zuwa ƙugu kamar hamilar takobi. Shi kansa a 1703 ya karɓe ta. Saboda haka in ka ga shuɗiyar hamila a ƙirjinsa, ba daga zaman Landan hoton ya samo asali ba. Ya fi kusa da zanen da Bafaranshe Jean-Marc Nattier ya yi masa a 1717, inda fuskar ta manyanta, yana da shekara 45.

4. Juya shi ka karanta bayansa

Bayan zane ya fi gabansa gaskiya. Idan ka ga fenti yana tashi a gaba, kada ka kifa shi: jingina shi a tsaye wani ya riƙe maka. In lafiya yake, kifa shi yadda firam ne kaɗai ke taɓa bargon.

Dubi saƙar. Ƙyallen lilin da aka saƙa da hannu zarensa wani kauri wani siriri, da 'yan ƙulle-ƙulle, kamar saƙar gwado. Na inji kuwa sumul yake, layi ɗaya. Dubi katakon da aka ɗaure ƙyallen a kai: in akwai 'yan guntayen katako masu tsini da aka cusa a kusurwoyi don a riƙa ɗame shi, irin wannan a ƙarni na 19 ya yawaita. Fil ɗin sitefila maimakon ƙusa kuwa aikin ƙarni na 20 ne. Hatimin shagon da ya sayar da ƙyallen shi ne babban abin nema. Misali, an kafa Winsor & Newton a Landan a 1832, don haka ƙyallen da ke ɗauke da hatiminsu ba zai girmi wannan shekarar ba.

Ga inda masu koyo ke faɗuwa. Tsofaffin zane da yawa an manna musu sabon ƙyalle a baya don ƙarfafa su, an kuma sauya musu katako. Sai ka ga sabon baya, ka yanke cewa zanen sabo ne, alhali na ainihin yana ɓoye a ƙarƙashi. Duba bakin ƙyallen: in ka ga ninki biyu, ko an liƙe gefen da takarda ruwan ƙasa, to abin da kake gani baya ne na gyara, shekarunsa ba su ne na zanen ba.

Na dattijon ƙyalle ɗaya ne, saƙar inji, da hatimin wani shagon Landan da ya dusashe. Kwafin ƙarni na 19 ke nan. Kada ka ɓamɓare wata takarda, lamba ko rubutun alli da ka gani a baya, komai ƙanƙantarsa. Su ne tarihin hannayen da ya bi.

Ka kuma nemi garin katako mai laushi a ƙasan firam, da ƙananan huji, da hanyar gara, da kashin kyankyaso. In garin fari ne sabo, ƙwaron na nan da rai. Ware zanen daga sauran kayan katako, kuma kada ka fesa masa maganin ƙwari.

5. Haska shi ta hanya uku

Mayar da shi rigingine, ka rage hasken ɗakin.

Da farko kwantar da tocila a gefe, haskenta ya bi saman fentin kamar yadda hasken la'asar ke bin ƙasa. Nan take za ka ga abin da ido bai gani da rana: sawun buroshi, kumburi, lotsawa, da ɓawon da ya ɗaga baki. Haska daga hagu, daga dama, daga sama. A hoton Bitrus, farin da ke nuna ƙyallin sulke da farar fatar alkyabba su suka fi kauri, a can za ka fi ganin hannun mai zane.

Sannan gilashin ƙara girma. A ƙarshen ƙarni na 19 an yi ta buga hotuna da inji, a manna su a ƙyalle, a shafa banish, har a yi musu ƙwarya-ƙwaryar sawun buroshi. Sa gilashin a kumatu ko goshi. In ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo na launi, ko sawun buroshin ya ratsa ido da hanci ba ruwansa da siffarsu, bugu ne. Fenti na gaske yana bin siffar abin da aka zana. Dubi tsagewar ma: ta tsufa tana shiga cikin fentin, bakinta kaifi, kuma takan bambanta tsakanin wuri mai fari da wuri mai duhu. Ta jabu a sama take zaune, wani lokaci da fensir ko allura aka ja ta.

Na uku, kashe fitila duka ka kunna tocilar gwajin kuɗi, kada ka kalli ƙwan kai tsaye, kada kuma ka daɗe. Tsohon banish na ƙaron itace yakan yi haske kore-kore kamar madara. Inda aka yi ciko daga baya yakan fito baƙi-baƙi. A kumatun hagu na zanen dattijon wani tabo ya fito kamar girman kwabo, alamar an taɓa cike huji a wurin. Duba sa hannu da kyau: in ya fito baƙi a bisa banish, daga baya aka ƙara shi.

Launi ma yana da shekaru. Shuɗin Furusiya wajen 1706 aka gano shi a Balin ta Jamus, farin titaniyom kuwa sai wajen 1920 ya shiga hannun masu zane. Amma ido ba ya tabbatar da wannan, sai ɗakin gwaji. Kada ka kankare fenti don ka gwada.

6. Yanke hukunci: a taɓa ko a bari

Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, aikinka ya tsaya: fenti na ɓamɓarewa ko ya ɗaga kamar rufin tanti, fenti na zuba kamar gari, yagewa, fumfuna, ko sawun ruwa da ya bar fari-fari. Bar shi a kwance rigingine, ka kifa masa kwali wanda ba ya taɓa fuskarsa, ka nemi ƙwararre ta hanyar gidan adana kayan tarihi ko sashen zane na jami'a. Ɓawon da ya riga ya faɗo, ɗauke shi da bakin takarda ka sa a ambulan, ka rubuta inda ya fito. Ana iya mayar da shi. Kada ka sa gam, kada ka liƙa salatif a bayan yagewa.

7. Kakkaɓe ƙura

Fara da baya. Jingina zanen a tsaye, ɗan karkace, ka share katako da ƙyallen da buroshin baya daga sama zuwa ƙasa. Tsakanin katakon ƙasa da ƙyalle shara kan taru: ƙasa, ɓaraguzan siminti, matattun ƙwari, har guntun katakon kusurwa da ya faɗa. Su ke sa kumburi a ƙasan hoto. Zura gashin kaza a hankali ka jawo su. Wanda ya ƙi fitowa, bar shi.

Gaba kuma, karkato zanen kaɗan zuwa wajenka don ƙura ta faɗi ƙasa. Bakin buroshin kawai zai taɓa fentin, gajere-gajere, daga sama zuwa ƙasa, kana karkaɗe shi nesa da zanen bayan kowane ɗan wuri. In za ka yi amfani da injin zuƙe ƙura, ɗaura masa ƙyalle mai shara-shara a baki, ka riƙe shi nesa kamar taƙi ɗaya, ka riƙa tura masa ƙurar da buroshi. Bakinsa ba ya taɓa zane.

Firam mai ruwan zinariya buroshi kawai yake so. Zinariyar ta fi fatar albasa siranta, a kan farar ƙasa da gam take zaune, ɗanyen tsumma sau ɗaya ya isa ya tafi da ita.

Farkon shigata wannan aiki na taɓa goge wani zane da auduga. Zaren ya sargafi wani farin tudun fenti ya ɗago shi, bai fi ƙwayar gero ba, amma a kan kwalar mutumin yake, inda kowa zai gani. An mayar da shi, sai dai har yau in na tuna ƙirjina kan buga. Tun daga ranar auduga, tsumma da tawul ba sa taɓa fuskar zane a wurina.

8. Jan da kake gani, da abin da ba a shafawa

Wannan ruwan shayin da ya rufe fuskar Bitrus tsohon banish ne da ya tsufa ya ja, haɗe da hayaƙi. Fentin na ƙarƙashi lafiya lau. Cire shi sai da sinadarai masu narkarwa, waɗanda ake gwadawa a wuri kamar kan ashana, domin abin da zai narkar da banish yana iya tafiya da siraran launukan da mai zane ya shimfiɗa a inuwar fuska. In suka tafi ba sa dawowa.

Saboda haka ba ruwa, ba sabulu, ba omo, ba kananzir, ba fetur, ba sifirit. Za ka ji ana cewa a goga albasa, dankali ko burodi. Suna barin danshi da abincin ƙwari da fumfuna. Man gyaɗa, man zaitun ko man goge kujera kuwa suna sa ƙyalli na mako guda, sannan su kama ƙura, su shige cikin tsagewa, su yi duhu. Na sha karɓar zanen da aka yi wa haka da kyakkyawar niyya, kuma gyaransa ya fi na wanda aka yi watsi da shi wuya nesa ba kusa ba.

In ƙyallen ya ɗan saki, kada ka yi saurin buga guntayen katakon kusurwa. Ƙyalle na saki yana ɗamewa gwargwadon yanayi. Jira ka gani tukuna.

9. Rufe baya, ka rataye

Yanka kwalin ko allon robar daidai girman katakon baya, ka ɗaure shi da gajerun sukurori, kana lura kada tsininsu ya kai ƙyalle. In akwai hatimi ko takarda da zai rufe, liƙa hotonsu a bayan allon. Wannan rufin yana tare ƙura da bugu, yana kuma rage saurin sauyin laima. A sa ƙarfen rataye biyu a jikin firam, ƙusa biyu a bango, da 'yan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa don iska ta ratsa baya.

Zaɓi bangon cikin gida wanda rana ba ta duka, ruwan sama ba ya jiƙa bayansa. Nesa da kicin, banɗaki, bakin na'urar sanyaya ɗaki, da inda ake sa turaren wuta ko maganin sauro. Gidajen adana kayan tarihi sukan tsayar da hasken zanen mai a wajen luks 200, wato hasken ɗaki matsakaici, su riƙe laima tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ga wanda ke zaune a arewa, nan ne wahalar take: da hunturu laima kan sauka ƙasa da kashi 20, da damina ta haura 70. Zanen da aka yi a Landan bai saba da wannan lilo ba. In ba ka da injin daidaita laima, sa shi a ɗakin da ya fi zama a rufe, ka sa a yi masa gilashi a gaba da 'yar tazara yadda ba zai taɓa fenti ba. Gilashi da rufin baya tare suna yin aiki sosai.

10. Ajiya, tafiya da bibiya

In ba rataye shi za a yi ba, a jingina shi a tsaye bisa katako ko bulo, ya tashi daga ƙasa saboda ruwa da gara, da kwali a gaba da baya. Leda ko robar nan mai ƙurajen iska kada ta taɓa fenti, tana barin sawu. A mota a tsaye yake tafiya, an tokare shi da matasai, kuma ba a barinsa a ciki cikin rana. Kada ka cire ƙyalle daga katako don ka naɗe.

Sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu da ƙarshen damina, sauke shi ka sake haska shi da tocila ta gefe, ka gwada da hotunan farko. Zanen dattijon, da na yi masa haka a rana ta biyar, na tarar fenti ya ɗaga a kusurwar ƙasa ta dama, inda hannu zai fara gogewa. Ƙura kawai na kakkaɓe a sauran wuraren, na rufe bayan, na haɗa shi da mai gyaran da ya kwantar da ɓawon. An yi bikin da hoton a rataye, da jansa yadda yake, aka bar maganar banish sai bayan damina.